Amsa ga 'yar'uwar da ke son zagaya arewacin Sikotland da motar kwana

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Wallahi da na ga tambayarki sai da gabana ya faɗi, don abin da kuke shirin yi shi muka yi bara, mu ma a Agusta, mu ma da yara. Kin ce kuna son ɗaukar hayar motar kwana ku bi hanyar NC500, wadda ta zagaye gaɓar tekun arewacin Sikotland, a hutun makaranta, kina tambaya ko ruwan sama zai ɓata muku tafiyar, kuma ko mako guda ya isa. Ruwa kam za a yi shi, ki sa wannan a ranki. A yini ɗaya za ki ga rana, ki ga hazo, ki ga ruwa da iska, la'asar na yi kuma gari ya washe. Amma ni ba ruwan ne ya ƙona min rai ba, mutanen da suka ba mu motar ne.

Ranar da muka je karɓa, yaron da ya zagaya da mu sai sauri yake yi, wai akwai masu jira. Abban yara ya nuna masa robar tagar rufin da ta ɗan ɗago, yaron ya ce ba komai, haka take. To, muna kusa da Durness, can ƙuryar arewa maso yamma a bakin teku, iska ta taso cikin dare. Motar nan jijjiga take yi kamar kwale-kwale. Can sai na ji ɗigon ruwa a fuskata. Kafin mu kunna fitila katifar yara ta sama ta jiƙe sharkaf, ƙaramar tana kuka tana rawar ɗari. Muka kunna hita, ta yi 'yar ƙara ta mutu, ashe batirin da ke ba ɗakin wuta shi ma ya gaji. Na sa tukunyar miya ina tarar ruwa, na naɗe yaran da zannuwana da abayata, Abban yara kuma ya fita da lema yana neman inda waya za ta kama. Lambar da suka ce a kira ko ƙarfe nawa ne ta yi ta ƙara ba mai ɗauka. Ban runtsa ba har asuba, ba abin da nake sai Hasbunallahu wa ni'imal wakil.

Kin san abin takaicin? Da muka mayar da motar, matar da ke karɓar motoci ta dubi katifar ta ce mu muka bar taga a buɗe. Mu! Suka zaftare kuɗin ajiyarmu, wai na gyara da wanki. Na rubuta musu har na gaji, amsarsu ɗaya ce, mu kawo hoton da ke nuna robar ta lalace tun kafin mu karɓa. Yaron kuwa cewa ya yi bai tuna ba. Ban yafe ba, Allah ya isa. Don haka ki ɗauki bidiyon motar ciki da waje, har rufi, a gabansu, ki sa su kunna hita da murhu da firji ki gani da idonki. Ki karanta takardar inshora da kyau, don da yawa ba sa biyan ɓarnar rufi da taya da rumfar gefe. Rumfar nan ma kada ku kwana da ita a buɗe, iskar can ba ta sallama.

Maganar mako guda, hanyar mil 516 ce daga Inverness a dawo Inverness, a takarda ba ta da yawa. Sai dai a yamma wurare da dama layi ɗaya ne, da 'yan wuraren raɓewa, ga tumaki kwance a kan kwalta. In mota ta biyo ku a baya ku raɓe ta wuce, mutanen garin aiki za su, kuma suna jin haushin masu motar kwana sosai. Kada a yi fakin a wurin raɓewa don ɗaukar hoto. Ni dai da yara ba zan ce mako ya isa ba. Ku fara ta gabas, ta babbar hanyar A9, maigida ya saba da faɗin motar kafin ku shiga duwatsu.

Hawan Bealach na Bà da ke zuwa Applecross, don Allah ku bar shi. Ya kai mita 626, kwanoninsa masu kaifi ne, akwai ma allo a ƙasa da ke gargaɗin manyan motoci. In hazo ya sauka ba a ganin gaba. Ku bi ta bakin teku daga Shieldaig, ita ma kyakkyawa ce.

Af, mijis! 'Yan mitsi-mitsin ƙwarin nan masu cizo, Yuli da Agusta ne lokacinsu, musamman safe da yamma a bakin tafki in iska ta kwanta. Ranar da kika ga gari ya yi luf kina murna, ranar ce tasu. Ki sayi Smidge, maganin shafawa mai korar su, da ragar rufe fuska tun daga gida.

Kada kuma wani ya ruɗe ku da cewa a Sikotland ana kwana ko'ina. Dokar 2003 da ta ba da wannan dama ba ta haɗa da mota ba. Ku kama wuri a sansani tun yanzu, Agusta cika suke yi, can ne kuma za ku samu wuta da wurin zubar da tankin bayan gida. Nama ki saya a Gilasgo ki soya, ki yi dambu da yaji, don daga Ullapool zuwa Thurso ƙananan shaguna ne kawai. Mai ma duk inda kuka gani ku cika. Ki sauke jadawalin salla a waya, a farkon Agusta sai bayan tara na dare rana ke faɗuwa, yara kuma ba sa yarda su kwanta da haske.

Duk da haka ku je. Yashin bakin tekun Achmelvich fari ne tas, ruwan garai-garai, yarana har yau zancensa suke yi. Ku riƙa duba gargaɗin Met Office, hukumar hasashen yanayi, kowace safiya, in an ce iska ku kwana nesa da teku. In kun zaɓi kamfani ki turo min takardar sharuɗɗansu in duba miki kafin ku biya ko sisi.