Likita Na Amsa Tambayoyinku: Maganin Ƙwari, Takin Gargajiya da Lafiyar Abincinmu

Tun da kaka ta shigo, yawancin wasiƙun da ke iso wa wannan fili sun karkata ga abin da ake zubawa a gona da rumbu, da irin illar da yake yi wa mai cin abincin. Na zaɓi huɗu daga cikinsu.

Tambaya: Likita, na sayi wake a kasuwa, da na kwance buhun sai na ji wari irin na maganin sauro. Idan na wanke shi sosai na dafa, gubar za ta fita? (Wata uwa daga Kano)

Amsa: Hajiya, kada ki dafa wa iyalinki wannan wake, ki mayar wa wanda ya sayar miki, ki kuma gaya masa dalili. Wanki da dahuwa suna rage wani ɓangare na maganin, amma babu yadda za a yi ki san adadin da ya saura a cikin tukunya, kuma yara ƙanana da masu juna biyu su ne suka fi saurin jikkata.

Warin da kika ji mai yiwuwa na sinadarin dichlorvos ne, wanda aka fi sani da sunan Sniper, kuma wasu 'yan kasuwa suna yayyafa shi kai tsaye a kan wake domin gudun ƙwari. Saboda yawan wannan sinadari ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya ƙasashenta a shekarar 2015, sannan a 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da shaguna. Abin da ya fi damuna shi ne waken da wasu suka ƙi karɓa domin kare jama'arsu, mu nan shi muke yi wa 'ya'yanmu alala da ƙosai da shi.

Akwai hanyar adana wake ba tare da digon magani ba. Buhun PICS, wanda masana a Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro bayan bincike a arewacin Kamaru, yana da ninki uku: leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje. Idan wake ya bushe sarai aka ɗaure kowane ninki daban, iska ba ta shiga, sai ƙwarin su shanye ɗan iskar da ta rage su mutu. Duro ko jarka mai tsabta da murfi mai kamawa ma tana yin wannan aiki, muddin ba a taɓa zuba mai ko magani a cikinta ba.

Tambaya: Ana ta kiranmu zuwa ga noman da ba ya dogara da sinadarai. Shin abincin da aka noma da takin gargajiya ya fi gina jiki? In daina sayen takin zamani ke nan? (Wani manomi daga Jibiya)

Amsa: Malam, idan aka auna ƙwayar gero da aka noma da takin dabbobi da wadda aka noma da takin zamani, bambancin abin gina jiki da ke cikinsu kaɗan ne, don haka kada wani ya sayar maka da abinci da tsada da sunan cewa magani ne. Amfanin wannan salon noma ga lafiya yana zuwa ne ta wasu fuskoki biyu, wato raguwar gubar da manomi da iyalinsa suke cuɗanya da ita, da kuma yawan ire-iren abincin da gona ɗaya take kawowa gida. A ganina na biyun ya fi muhimmanci, domin yaran da ake kawo mana asibiti da tamowa galibi ba rashin tuwo ne ya kwantar da su ba, rashin mahaɗi ne. Gonar da aka haɗa gero da wake da gyaɗa, aka bar zogale da kuka a gefenta, tana ba yaro abin da tuwo kaɗai ba zai ba shi ba, kuma saiwar wake da ta gyaɗa suna ƙara wa ƙasa ƙarfi.

Ba sai ka je nesa neman misali ba, maƙwabtanku na Maraɗi sun isa. Tun farkon shekarun 1980 manoman yankin, tare da wani masanin noma ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, suka fara abin da suke kira sassaben zamani: maimakon a sare duk tsiron da ya fito daga kututture, sai a zaɓi rassa masu ƙarfi a bar su su girma. An ƙiyasta cewa itatuwa kusan miliyan 200 ne suka farfaɗo a kan hekta wajen miliyan 5 a kudancin Nijar, musamman Maraɗi da Damagaram. Gawo, wanda ke zubar da ganye da damina, yana takin ƙasa ba tare da ya yi wa shuka inuwa ba.

Amma ban ce ka yar da takin zamani dare ɗaya ba. A 2021 gwamnatin Siri Lanka ta hana shigo da shi kwatsam, noman shinkafa ya faɗi, abinci ya yi tsada, kafin shekara ta ƙare aka janye dokar. Ka rage sannu a hankali yayin da ƙasarka take farfaɗowa. Sannan ka sani ɗanyen kashin dabbobi yana ɗauke da ƙwayoyin cutar gudawa da ƙwan tsutsar ciki, saboda haka a tara shi ya ruɓe sosai kafin a kai shi lambun latas, karas ko tumatir. A Amurka, ƙa'idar irin wannan noma ta gindaya kwana 120 tsakanin zuba ɗanyen taki da girbe kayan lambun da ke taɓa ƙasa.

Tambaya: Sana'ata yin feshi a gonakin mutane. Bayan aiki nakan ji ciwon kai da jiri da yawan gumi. Abokaina sun ce in riƙa shan madara ko manja. (Wani matashi daga Kura)

Amsa: Ɗana, madara da manja ba sa kashe wannan guba, kuma ɗura wa wanda ya galabaita wani abu ta baki yana iya sa ya shaƙe shi zuwa huhu. Alamomin da ka lissafa suna nuna maganin yana shiga jikinka ta fata da numfashi. Ka dakata da aikin ka je asibiti da kwalbar maganin a hannunka. Idan aka ga dalalar yawu, amai, gudawa, ƙanƙancewar ƙwayar ido ko wahalar numfashi, a cire wa mutum tufafinsa, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu, a garzaya da shi asibiti, inda ake da allurar atropine domin irin wannan guba. Idan ka koma aiki, ka sa riga mai dogon hannu da takalmin roba da safar hannu da abin rufe hanci, ka yi feshi da sassafe iska tana bayanka, kada ka ci goro ko ka sha wani abu sai ka yi wanka, kuma kada a mayar da kwalbar magani abin ɗiban ruwa ko mai.

Tambaya: Gyaɗata ta yi fumfuna a rumbu. Zan iya soya ta in yi ƙuli-ƙuli? (Wata mai sana'ar mai daga Gusau)

Amsa: 'Yar'uwa, a'a. Fumfunar gyaɗa da masara tana iya samar da gubar aflatoxin, wadda suya da dahuwa ba sa lalatawa, kuma ta fi taruwa a tunkuza fiye da a cikin mai. Cin ta na tsawon lokaci yana jawo ciwon dajin hanta, haɗarin kuma yana ninkuwa ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda ya yawaita a yankinmu. A Kenya, a 2004, mutum 125 suka rasu bayan cin masarar da ta gurɓace da ita. Ki tsince duk gyaɗar da ta canza launi, ta motse ko ƙwari suka huda, ki binne ta, kada ki ba dabbobi domin gubar tana fitowa a nono. Idan fumfunar ta game buhun, a haƙura da shi gaba ɗaya. A kaka mai zuwa a shanya gyaɗa a kan tabarma ko tamfol har ta bushe ƙayau, a ɗora buhuna bisa katako nesa da bango. Ki kuma gaya wa manoman da kike saye a wurinsu su nemi Aflasafe, wanda cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar daga nau'in fumfunar da ba ta fitar da guba, ana watsa kilo 10 a hekta ɗaya mako biyu zuwa uku kafin shuka ta yi fure.