Zuwa ga ɗiyata likita a Tawa, kan tsohon da aka ce kada a gaya masa

Assalamu alaikum, ɗiyata. Saƙonki ya iske mu lafiya a nan Yamai, mutanen gida duka suna gaishe ki da aiki.

Na karanta abin da kika rubuto game da tsohon da aka kawo muku daga wajen Keita, wanda hoton ciki ya nuna ciwon daji ya cinye masa hanta, cikinsa ya tara ruwa, ƙafafu sun kumbura. Kin ce babban ɗansa ya kira ki daga Abijan yana haɗa ki da Allah kada ki gaya wa Baba, a ce masa ciwon shawara ne kawai, shi kuwa tsohon duk safiya in kin zo zagaye sai ya bi ki da ido bai ce komai ba. Kina tambayata ko wannan ɓoyo al'adarmu ce da ya wajaba ki bi, ko kuwa ki yi abin da aka koya muku a jami'a.

Al'adar tana nan, kuma kada ki raina ta. Bahaushe ba ya jefa wa mutum mugun labari. Kin tashi kin ga yadda ake yi in an yi rasuwa ɗan mamaci yana nesa: a aika masa cewa jikin Baba ya tsananta, ya yi maza ya taho. In ya iso, ba yaro ke tarbarsa da maganar ba. A zaunar da shi, a ba shi ruwa, sannan wani dattijo ko malami ya fara da nasiha, ya kewayo, har shi da kansa ya gane kafin a furta. Akwai kuma tsoron mugun baki, da sanin cewa ranar mutum Allah kaɗai ya san ta. Duk wannan tausayi ne, kuma na ga amfaninsa da idona tsawon aikina. Amma ki lura da kyau, a cikin wannan al'ada labarin yana isa ga mai shi. Ana zaɓar mai faɗa, ana zaɓar wuri da lokaci, ana sassauta harshe, sai dai ba a barin ɗan ya yi wata guda yana zaton ubansa na raye. Abin da ɗan tsohon nan ya roƙe ki ya wuce nan. So yake labarin kada ya taɓa isa, kuma a yi ƙaryar da bakinki.

Akwai wata al'adar tamu da ta girmi wannan, wadda ɓoyon ke kashewa. Dattijo a Adar in ya ji jikinsa ya gaya masa, yakan sa a tara masa iyali. Ya nemi gafarar matansa da maƙwabta, ya faɗi wanda ke bin sa da wanda yake bi, ya nuna iyakar gona, ya ce saniya kaza amanar wane ce, hatsin rumbu kaza na marayun ƙanensa ne. Ba ki ji a wajen jana'iza ana shelar duk mai bin mamaci bashi ya zo ya faɗa? Don mun san nauyin bashi a kan mamaci ne. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce bai kamata Musulmin da ke da abin wasiyya ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa a rubuce ba. Kuma lokacin da aka soki Sayyidina Umar a masallaci, a shekara ta 23 bayan hijira, an ba shi madara ya sha ta fito ta wurin raunin, aka san ba zai tashi ba, ba a ɓoye masa ba. Da wannan sanin ya sa ɗansa Abdullahi ya lissafa bashin da ke kansa, ya aika wa Nana A'isha neman izinin a binne shi kusa da abokansa biyu, ya tsara yadda za a zaɓi magajinsa. Wa ya fi tsohon nan na Keita haƙƙin samun irin waɗannan kwanaki? Wa ya san abin da ke cikin ransa da yake son sauke wa kafin ya tafi?

Sannan in gaya miki gaskiya, rabin wannan ɓoyo namu ne, mu likitoci, ba na ƙauye ba. A Amurka, a 1961, an tambayi wasu likitoci, tara cikin goma suka ce ba sa gaya wa mara lafiya yana da ciwon daji. Da aka maimaita tambayar aka fitar da sakamako a 1979, kashi 97 cikin ɗari suka ce suna faɗa. A Faransa, inda muka ɗauko tsarin karatunmu, sai ranar 4 ga Maris 2002 aka yi dokar da ta tabbatar wa mara lafiya haƙƙin sanin halin da jikinsa ke ciki. Mu da muka koyi aikin nan kafin wannan lokaci, a kan shiru aka horar da mu. Mukan tsaya a kan gadon mutum mu biyar, mu tattauna hantarsa da Faransanci, mu wuce gado na gaba, shi yana kallon bakinmu. Faransanci ya zame mana labulen ƙofa, muna ciki muna magana mai ɗakin yana waje. Jama'a sun ga haka shekara da shekaru, suka ɗauka ai haka asibiti yake. Saboda haka in wani ya ce miki faɗar gaskiya ɗabi'ar Turawa ce, ki sani su ma ba su daɗe da koyonta ba, mu kuwa muna da ita a wajen kakanninmu tun kafin a gina asibitin farko a ƙasar nan.

Ki yi tunanin kuɗi kuma, don a wurinmu ƙaryar likita tsada gare ta. In aka ce shawara ce, to shawara ai tana warkewa, don haka nema ba zai tsaya ba. Za a sayar da awaki, a sayar da albasar da aka ajiye don tsada, a jinginar da gona. A ɗora tsoho a mota, a bi Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, fiye da kilomita 500 zuwa Yamai da ciki cike da ruwa, a sake hoton da kika riga kika yi, a ji abin da kika riga kika sani. Daga nan wani ya ce akwai mai magani a Sakkwato. Cibiyar yaƙi da ciwon daji ta Yamai ta fara gashi da na'ura, wato ƙona ciwon da haske, a 2021, kuma alheri ce babba ga mata masu ciwon nono da na bakin mahaifa in an zo da wuri, amma hantar da ta kai inda kika kwatanta mini ta wuce nan. Na taɓa jinyar wani ɗan kasuwar dabbobi da ƴan'uwansa suka yi ta yawo da shi haka har ya cika a tashar mota, nesa da matansa. Amanar mutane da ke hannunsa ba a rubuce take ba. Ɗiyansa da ƙannensa sun yi shekaru suna zuwa gaban alƙali, zumuncin gidan bai koma daidai ba.

To yaya za ki yi? Ki fara da ɗan, tun da shi ya kira. Kada ki yi masa wa'azin doka. Mutumin da ke cin rani a bakin teku, ubansa na kwance, abin da ya rage a hannunsa shi ne aiko kuɗi da ba da umarni ta waya, kuma tsoro ne ke magana a bakinsa. Ki tambaye shi me yake gudu. Sau da yawa za ki ji cewa wani nasu ne aka taɓa faɗa wa a tsaye, a gaban mutane, ya daina cin abinci. Ki yi masa alkawari biyu kawai: ba za ki tilasta wa Baba jin abin da ba ya son ji ba, kuma in ya tambaye ki ba za ki yi masa ƙarya ba. Sannan ki gaya masa a fili cewa in yana son ganawa da mahaifinsa yana magana, yanzu ne lokacin tahowa. Wannan ma haƙƙinsa ne, shi ma ɓoyon yana cutarsa.

Shi kuwa tsohon, kada ki taɓa maganar a lokacin dubiya, ɗaki cike da surukai da jikoki. Dubiya haƙƙin Musulmi ce a kan ɗan'uwansa, ban taɓa yarda da masu korar jama'a da tsawa ba, amma a gaban suruki dattijo ba zai ce komai ba sai "da sauƙi". Ki nemi lokacin da ya rage daga shi sai mai jinya. Ki jawo kujera ki zauna ƙasa da shi. Ke yarinya ce a idonsa, sa'ar jikarsa, don haka ki tafi da majo ɗinku, wato babban ma'aikacin jinya, in dattijo ne, ko ki bari ya zaɓi ƙanensa ko limaminsu ya zauna. Ki gaishe shi gaisuwa cikakkiya, ki tambayi gida da damina. Sannan ki ce, "Baba, kai me kake gani game da jikin nan?" Ki yi shiru. Shirun zai yi miki tsawo, ki daure. Yawancin tsofaffin da na yi wa wannan tambaya sun riga mu sani. Mutumin da ya yi shekara saba'in yana wanke gawa yana binnewa ya san ramar da ba a dawowa daga gare ta, yana yin shiru ne don kada ya tayar wa ɗiyansa hankali, su ma suna yin shiru don shi, kowa yana ɗauke da kayan shi kaɗai.

Daga nan ki tambaye shi, in akwai magana mai nauyi, shi za ki gaya wa ko akwai wanda ya wakilta. In ya ce ki gaya wa ɗansa, shi ya bar wa Allah, to shi ke nan, ya zaɓa, kin fita haƙƙinsa, kuma kin bi al'ada ta hanyar da ta dace. In ya ce ki faɗa, ki faɗa da Hausa mai sauƙi: cutar ta yi nisa a hanta, maganin da muke da shi ba zai kore ta ba, amma za mu rage ciwo da kumburi, kuma ba za mu bar shi ba. Kada ki yanka masa kwanaki. Ba mu san su ba, kuma duk likitan da ya daɗe ya ga wanda aka ba wata ya yi shekara. In ya ce rai a hannun Allah yake, ki ce haka ne Baba, domin haka ɗin ne. Sai ki ƙara da cewa in akwai abin da yake son shiryawa ko wanda yake son gani, kada a jinkirta.

Kada bakinki ya taɓa furta "ba abin da za mu iya". Akwai. A zuƙe ruwan cikin in ya hana shi numfashi. A nemo morfin, maganin nan mai ƙarfi na kashe zafin ciwo, in ciwo ya kai, kada tsoron sabo da magani ya hana ki ba mai wannan hali. A rage ordonansi, wato takardar magani, zuwa abin da ke da amfani, a daina allurai da ƙarin ruwan da ake yi don idon dangi. In yana son rubutu da tofi, a bar shi ya sha, sai dai ki roƙe su su bar jiƙe-jiƙen da ke ƙara wa hanta wahala, da sakiya a cikin da ya kumbura. In ya ce gida yake so, ki taimaka masa ya tafi tun yana iya zama a mota, ki rubuta wa ma'aikacin asibitin garinsu takarda.

Akwai dalili guda kuma da ɗan Abijan bai hango ba. Mafi yawan ciwon dajin hanta a ƙasashenmu daga ƙwayar cutar hanta nau'in B yake tasowa, wadda mutum kan ɗauka tun yana jariri ko ƙaramin yaro, ta zauna shiru shekara talatin ko arba'in, gyaɗa da hatsin da suka yi fumfuna su ƙara mata ƙarfi. Rigakafinta bai shiga allurar jarirai a Nijar ba sai 2008, don haka ɗiyan tsohon nan duka sun tashi babu shi. In gwajinsa ya nuna ita ce, da izininsa matansa da ɗiyansa suna bukatar gwaji, wanda ba ya da ita a yi masa rigakafi, wanda ke da ita a bi shi, ga magani irin tenofobir da ke danne ta. Gidan da aka ce wa shawara ce ba wanda zai zo gwaji.

Wannan tsoho namiji ne, yana da murya. Inda za ki fi shan wuya shi ne ranar da mai ciwon mace ce, miji ya ja ki gefe ya ce shi za a gaya wa, ita ba ta da ƙarfin zuciya. A nan ki fi tsayawa. Na ga matan da aka yanke shawarar cire musu nono ko mahaifa, ko aka hana cirewa, su ne na ƙarshen ji. Matar da ta haihu takwas ta binne uku ba za a ce ba ta iya ɗaukar labari ba. Ki girmama mijin, ki zaunar da shi, amma tambayar da kika yi wa tsohon ita ma ki yi mata, ku biyu.

Kin ce tun da aka kwantar da shi ba kya barci sosai, har kina jin kunyar kanki don kin yi kuka a ɗakin gardi, na masu aikin kwana. Kada ki ji. A annobar sanƙarau ta 1995 na ga manyan ma'aikata, maza masu furfura, sun zauna bayan rumfa suna share hawaye, suka tashi suka koma kan yara. Abin da nake jin tsoro gare ki shi ne ki riƙa haɗiyewa ke kaɗai har zuciya ta bushe, ki zama cikin masu yi wa majinyata tsawa. Ki samu abokiyar aiki guda da kuke faɗa wa juna irin wannan. In kin sauka gardi ki ci abinci mai zafi, ki kashe waya ki kwanta, dangin da ke kiranki don ciwon kai su jira la'asar, ni zan gaya musu in kina jin nauyi.

Ki kira ɗan nan yau da dare bayan isha'i, lokacin da ya tashi daga aiki. In ya ƙi sauraron mace ƙarama, ki nemi ƙanen tsohon da ke jinya ya yi masa magana tukuna. Ki sanar da ni yadda kuka yi, kuma ki kira mahaifiyarki, ta ce kwana biyu ba ta ji muryarki ba.

Kawunki.