Famfon tsakar gida mai girgiza, ga yadda na kafe nawa

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa na ga tambayarka kan bututun famfon tsakar gidanka da ke ta rawa, ka ce sau biyu yana karyewa daga ƙasa, mai gyara sai dai ya shafa gam ya karɓi kuɗi ya tafi. Wallahi abin ya taɓa ni don na sha irin wanga a gidanmu nan unguwar Mabera cikin Sakkwato.

Gam ba zai yi maganinshi ba. Bututun ne ke ɗaukar nauyi alhali ba aikinshi ba ne, yaro ya rataya bokiti a kan famfo, wani ya dafa shi wajen alwala, wata ta jingina jarka mai lita 25 wadda in ta cika kilo 25 ce, duk ƙarfin nan a kan elbon da ke cikin ƙasa yake sauka, wato gwiwar da bututun ya lanƙwasa ya taso sama. Ga kuma ranar Sakkwato, watan Afrilu zafi ya wuce digiri 40, bututun roba in ya daɗe a fili sai ya koɗe ya bushe, taɓawa kaɗan ya ce ƙas kamar kara. Nawa ragon layya ya ƙarasa shi, yara sunka ɗaure shi a jiki ranar jajibiri, fizga ɗaya ya yi, kafin mu farga tankin sama ya tsiyaye kaf, mata na jiran ruwan girki ga baƙi cike da gida. Ranar Sallah wajen 'yan ga-ruwa munka sayi ruwa, har yau abin na min ciwo.

Bayan Sallah na tsaya da kaina anka haƙa rami kamar ƙafa biyu. Daga elbo zuwa sama duk munka mayar na ƙarfe, rabin inci, anka naɗa farin tef a zaren kowace mahaɗa, inda ake murɗa bututun. Sai na sayi guntun bututun roba mai faɗi, inci 4, munka zura na ƙarfen a ciki munka cika shi da kankare har da ramin, kwano ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Ya zama ginshiƙi, tsawonshi zuwa ƙugu. Amma ka lura da nan sosai, mahaɗar roba da ƙarfe kar a binne ta cikin kankare, a bar ta gefe cikin yashi, don ranar da ta fara yoyo ba sai ka fasa komai ba. Kan famfon kuma kar ya fito da tsawo, tafin hannu ya isa, in dai jarka na shiga ƙarƙashi.

Kwana bakwai muna ba shi ruwa safe da yamma, lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu. Mutanenmu nan suke gaggawa, iskar garin nan na shanye ruwan siminti tun bai kama ba, sai ya tsage.

In naka kusa da bango yake ba sai ka sha wannan wahalar ba, kilif uku masu riƙe bututu a jikin bango da sukurori sun isa, ban da ƙusa da waya don Allah. Ka sa makullin tsayar da ruwa a jikin bututun kafin famfon, ko ya lalace cikin dare ka rufe ka kwanta. Ƙasa kuma a yi ɗan daɓe mai gangare zuwa magudana, in ba haka ba ruwa zai kwanta ya sassauta gindin, damina ta zo ta ƙarasa.

Ba ka faɗa ba, famfon cikin gida yake ko ƙofar gida? In waje ne kar ka sa kan tagulla, cikin dare ake kwance shi, sa na roba mai araha. Ka turo hoton wurin mu gani, Allah ya sa a dace.