Dalilin da ya sa mahayi yake ba doki yabo, ya ɗauki laifi

Ɗana, bayan gaisuwa, saƙonka ya iso. Ka ce kana kallon gasar tsallaken shinge, kuma ka lura cewa duk mahayin da ya gama lafiya yakan sunkuya ya shafa wuyan dokinsa, wani ma har ya nuna wa 'yan kallo dabbar da yatsa, amma idan shinge ya zube sai ka ji ya ce kuskurensa ne. Kana tambaya ko wannan al'ada tana da tushe, ko kuwa neman suna ne da kwaikwayon tawali'u. Tana da tushe, kuma tushen nata yana cikin halittar doki.

Doki dabba ce da ake farauta a daji, shi ya sa Allah ya sanya idanunsa a gefen kai, ya kuma ba shi saurin zabura. Abin da ya fi ƙwarewa a kai shi ne lura da jikin wanda yake kusa da shi. A farkon ƙarni na 20 an yi wani doki a birnin Balin na Jamus mai suna Hans, wanda aka ce ya iya lissafi, domin idan aka tambaye shi yakan buga kofato har ya kai adadin amsar. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Oskar Pfungst, ya bincika, ya kuma bayyana a 1907 cewa idan mai tambayar bai san amsar ba, ko kuma dokin ba ya ganinsa, to ba kasafai yake dacewa ba. Ashe ɗan motsin kai da sakin jikin da mutum yake yi ba da saninsa ba idan an kai adadin, shi ne dokin yake karantawa. Mu mukan ce labarin zuciya a tambayi fuska. Shi doki ba fuska kaɗai yake tambaya ba, har da cinya da hannu da numfashi.

To ka auna wannan da mahayin da ya nufi shinge gabansa yana faɗuwa. Zai riƙe numfashi, ya matse gwiwa, ya ɗaure hannu a kan linzami, alhali ƙafarsa tana cewa a ci gaba. Dokin ya karɓi umarni biyu masu karo da juna a daidai lokacin da shingen yake ɓacewa daga ganinsa, domin ba ya ganin abin da yake dab da hancinsa. Idan ya turje, wa ya fara turjewa? Saboda haka mahayin da ya ce laifinsa ne, galibi gaskiya ya faɗa, kuma faɗinta yana da amfani a gare shi, domin wanda ya ɗora wa doki laifi bulala zai ƙara gobe, wanda ya ɗora wa kansa kuwa hannunsa zai gyara.

Batun yabo kuma, akwai ranar da doki yake ɗaukar aikin mutum biyu. A gasar Olamfik ta 1956, wadda aka yi ɓangaren dawakinta a Stockholm, Bajamushe Hans Günter Winkler ya ji mummunan rauni a matsematsinsa a zagayen farko. Ya koma kan sirdi a zagaye na biyu cikin azaba, da ƙyar yake iya nuna hanya, amma goɗiyarsa Halla ta tsallake shingayen duka ba tare da ta zubar da ko ɗaya ba, suka ci zinare. Haka nan Lis Hartel ta ƙasar Danmak, wadda shan inna ya kashe mata ƙafafu daga gwiwa zuwa ƙasa, har sai an ɗora ta a kan doki an kuma sauko da ita, ta ci azurfa a gasar sarrafa doki a 1952 da kuma 1956 a kan goɗiyarta Jubilee. A wannan gasa ba a yarda mahayi ya yi wa doki magana ba, ana rage maki idan ya yi, don haka da nauyin jiki da lallausan hannu kawai suka fahimci juna. Irin wannan fahimta shekaru take ci, tun daga barga, wajen sharce jiki da ɗaura sirdi da kilisar da babu mai kallo.

Idan kana son ganin abin da rashin sabo yake haifarwa, ka tuna da Olamfik ta Tokiyo da aka yi a 2021. A wata gasa da ta haɗa wasanni biyar, ciki har da tsallaken shinge a kan doki, a wancan lokacin ƙuri'a ake jefawa a ba ɗan wasa dokin da bai taɓa hawa ba, a ba shi minti 20 kacal su saba. Wata Bajamushiya da take kan gaba ta sami doki mai suna Saint Boy da ya riga ya firgita, ya ƙi tafiya, ita kuma ta fashe da kuka tana dukansa, kowannensu yana ƙara wa ɗan'uwansa tsoro. Ni ban ga laifinta ita kaɗai ba, tsarin ne ya haɗa baƙi biyu ya ce su amince da juna nan take. Daga baya an cire hawan doki daga wannan gasa, ta Faris a 2024 ce ta ƙarshe da aka yi da shi.

Ba zan ce maka babu masu shafa wuyan doki don idon kyamara ba, akwai su. Idan kana son bambance su, kada ka dubi mahayin da ya ci, ka dubi wanda shinge uku suka zube masa, ka ga abin da hannunsa yake yi da linzami a kan hanyarsa ta fita daga fili.

Ka gaishe mini da mahaifiyarka.

Baffanka.