Littafin jagoran yawon buɗe ido zai yi maka amfani a Granada?

Malam, ka tambaya ko ka sayi littafin jagora ko waya ta isa tunda Granada za ka je a Sifen. Ni dai na ce saya, don lungunan unguwar Albaicin sun taɓa rikita min taswirar waya, ga caji ya ƙare, littafin ne ya fitar da ni, kuma shi ya fahimtar da ni tarihin fadar Alhambra har zuwa faɗuwar mulkin Musulmi a birnin a 1492.

Amma kar ka dogara da farashi ko lokutan buɗewa da ke ciki, suna canzawa. Tikitin Alhambra saye shi a intanet tun da wuri, akwai lokacin shiga a jiki, ka riƙe fasfo. Maganar biza kuma, tuntuɓi ofishin jakadancin Sifen.