Gaɓa nawa ce a cikin "parlent"?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina koyon Faransanci saboda kasuwancin da nake yi tsakanin Katsina da Maraɗi. Na karanta "ils parlent" na ce "il parlan", sai malamarmu ta ce ba haka ba ne. To gaɓa nawa ce a kalmar, kuma ina "ent" ɗin ya shiga?

Amsa: Ɗan'uwa, malamarku ta yi gaskiya. Gaɓa ɗaya ce tak: "parl". Duk "ent" da ya zo a ƙarshen aikatau don nuna cewa masu aikin suna da yawa, a rubuce kawai yake, baki ba ya taɓa shi. Shi ya sa "il parle" (yana magana) da "ils parlent" (suna magana) furucinsu ɗaya ne sak, sai dai zancen ya nuna maka ko mutum ɗaya ake nufi ko jama'a. Gadon Latin ne, inda ake cewa "amant", suna so. A da can ana furta shi, daga baya ya faɗi daga baki, rubutu kuwa ya riƙe abinsa.

Inda Bahaushe ke shan wuya shi ne ƙarshen kalmar. Gaɓar Hausa ba ta yarda baƙi biyu su cunkushe wuri ɗaya ba, sai mun cusa wasali, kamar yadda muka yi wa burodi da fulawa. Don haka za ka ji harshenka yana ja zuwa "parli" ko "paral". Danne shi. Ka fito da "r" daga maƙogwaro, kusa da "gaini" ɗin da ka koya a allo, harshe ya ɗora "l", ka tsaya nan.

Amma jam'in ba kullum yake ɓuya ba. In aikatau ya fara da wasali, "s" ɗin "ils" yakan farka ya zama "z": "il aime" ana cewa "i-lem", "ils aiment" kuwa "il-zem". A tambaya kuma "t" ne ke dawowa, "parlent-ils" ya zama gaɓa uku: par-le-til. Haka "il vient" yana ƙarewa ta hanci, "ils viennent" kuma da "n" ƙarara.

Kada kuma ka ɗauka kowane "ent" bebe ne. A "souvent" da "vent" da "comment" ana furta shi ta hanci, don su ba aikatau ba ne. Malaman Faransanci suna son jarraba ɗalibai da "les poules du couvent couvent", wato kajin gidan masu ibada suna kwanci: na farko "ku-van", na biyu "kuv". Idan wata rana ka ji mutumin Marsai ya ja "parlent" gaɓa biyu, karin harshen kudancin Faransa ne, ba shi za a tambaye ka a jarrabawa ba.