Daga ƙaramar motar kat zuwa Formula 1: ta ina ake bi?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko yaron da ya fara da kat, wato ƙaramar motar tsere mara rufi, zai iya kaiwa Formula 1, babbar gasar tseren motoci ta duniya. Zai iya, kuma kusan duk direbobin yau ta nan suka biyo.

A kat ne yaro ke koyon abin da ba a koyarwa da baki. Mazauninsa dab da kwalta yake, duk wata gargada a bayansa yake jin ta. Nan yake gane lokacin taka birki kafin kwana, da yadda taya ke sulɓi idan ruwa ya sauka. Wanda bai samu wannan tun yana ƙarami ba, da wuya ya cim ma sa'o'insa.

Dubi Lewis Hamilton. Ya fara kat yana shekara 8, ƙungiyar tsere ta McLaren ta ɗauke shi a 1998, ya ci gasar GP2 (matakin da ke ƙasa da Formula 1 a lokacin) a 2006, ya shiga Formula 1 a 2007, ya zama zakaran duniya a 2008. Mahaifinsa sai da ya haɗa ayyuka da yawa don biyan kuɗin tsere, kuma wannan ne ke ci mini tuwo a ƙwarya: yara masu baiwa da yawa rashin kuɗi ke tsayar da su.

Yanzu matakan da ake bi daga kat zuwa Formula 1 su ne gasannin Formula 4, Formula 3, sai Formula 2. Bayan direba Max Verstappen ya shiga Formula 1 yana shekara 17 a 2015, hukumar FIA mai kula da tseren motoci a duniya ta tsaurara doka: sai direba ya tara maki 40 a ƙananan gasanni kafin a ba shi babban lasisin shiga Formula 1.